Sarakunan da suka ji tsoron aji

Duk malamin tarihi ya san darasin taron Biyena. Mukan zana taswira a allo, yara su haddace 1815, su zubo ta ranar jarrabawa, shi ke nan. A ganina muna tsayawa tun ba mu kai ga tsokar darasin ba.

Bayan faɗuwar Napoleyon a 1814, manyan Turai sun zauna a Biyena har zuwa Yunin 1815, bisa jagorancin Metarnik, ministan harkokin wajen Ostiriya. Bukatarsu a fili take: kowane sarki ya koma gadon ubansa, kuma kada talakawa su sake abin da Faransawa suka yi daga 1789, har suka sare kan sarkinsu a 1793. Aka maida Luwi na 18 kan sarautar Faransa. Sarakunan Rasha, Ostiriya da Furusiya suka ƙulla ƙawancen da suka kira mai tsarki. Inda jama'a ta tilasta wa sarki tsarin mulki, sai a aika soja: Ostiriya ta shiga Napoli a 1821, Faransa ta shiga Sipaniya a 1823.

Mu yi musu adalci. Sun fito daga yaƙin fiye da shekara 20 wanda ya ci miliyoyin rayuka, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsarinsu ya yi aiki ta fuska guda, domin ba a sake yaƙin da ya game Turai duka ba sai 1914.

Amma dubi inda tsoron ya kai su. A 1819 wani ɗalibi ya kashe wani marubuci mai goyon bayan sarakuna a ƙasar Jamus. Maimakon a tsaya kan mai laifi, sai Metarnik ya kitsa dokokin Karlisbad. Aka sa wa kowace jami'a wakilin gwamnati mai sa ido kan abin da malamai ke koyarwa. Malamin da aka kora saboda ra'ayinsa, ba ya sake samun aji a ko'ina cikin tarayyar Jamus. Aka haramta ƙungiyoyin ɗalibai. Jaridu da ƙananan littattafai kuwa ba sa fita sai mai tacewa ya yarda. Ashe masu dubban igwa, abin da ke hana su barci shi ne malami da ɗalibinsa.

Ina aka kwana? A 1830 mutanen Faris suka tumɓuke Sharil na 10. A 1848 wuta ta kama daga Faris zuwa Barlin da Milan. Ranar 13 ga Maris, ɗaliban Biyena na cikin waɗanda suka fara fita kan titi, Metarnik ya ajiye aiki, ya gudu Ingila. Shekara kusan 30 ana toshe bakin makaranta, kuma daga makarantar aka fito aka kore shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Shi ya sa nake cewa ƴan'uwana malamai, kada mu rufe darasin a 1815. Mu kai yara har 1819 da 1848, mu tambaye su: me ya sa sarki zai ji tsoron aji? Mu bar su su yi gardama, wasu su kare Metarnik, wasu su kare ɗaliban, kowa da hujjarsa.

Iyaye kuma, na san wasunku kan ce yaro mai yawan tambaya ya fara rashin kunya. Ladabi wajibi ne, ba na musu. Sai dai a koya wa yaro yadda zai yi tambaya cikin ladabi, kada a hana shi yi. Tambayar da aka hana a aji ko a tsakar gida ba mutuwa take yi ba. Wani wuri yaron zai kai ta, inda ba malami, ba uba, sai wayar da ke hannunsa.