Idan Sabar Ta Hana Mai Kula Da Ita Shiga

Sharhinmu na yau ya fi shafar matasan da ke kula da kwamfutocin jami'o'i, bankuna da asibitoci, da kuma shugabannin da ke tsaye a kansu suna tambayar yaushe za a gama aiki.

Duk ma'aikatar da ta girma tana buƙatar wuri guda da za ta ajiye sunayen ma'aikata, kalmomin sirrinsu da iyakar abin da kowa zai iya taɓawa. Wannan shi ne aikin sabar kundin sunaye. Akasarin irinta suna aiki ne da ƙa'idar LDAP, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990. Manhajar OpenLDAP ta kyauta ta fito a 1998, Microsoft kuma ya kawo Active Directory tare da Windows 2000.

To ga matashi ya gama girka sabar, da hannunsa ya zaɓi kalmar sirri, ya zo shiga a matsayin babban mai kula, sai allo ya nuna masa lamba 49, wato ba a yarda da shaidarsa ba. Ya sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi, amsa ɗaya. Daga nan sai ya share komai ya faro daga farko. A ganina wannan asarar yini ce kawai, domin saƙon da ke allon ya riga ya nuna inda za a duba.

Lamba 49 ba ta ce kalmar sirri ce ta kuskure ba. Abin da take nufi shi ne suna da kalmar sirri ba su dace da juna ba. A OpenLDAP, ko sunan ne babu shi kwata-kwata amsar ke nan, don kada ɓarawo ya gane sunayen da ke ciki. Sau da yawa kuma sunan ne matsalar. Sabar kamar mai gadi ce da za ka ce wa kai ne Musa, ya ce Musan wane gida, a wace unguwa? Rubuta admin kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da cikakken sunan yankin da aka kafa kundin a kansa. A tsarin Ubuntu da Debian, manhajar OpenLDAP kan ɗauko wannan suna da kanta daga sunan da aka raɗa wa kwamfutar. Idan ba a ba ta sunan yanki ba, sai ta sa nodomain. Kai kana ta buga sunan makarantarku, ita kuma ba ta taɓa jin sa ba. Umarnin slapcat zai nuna maka ainihin sunan da ke ciki cikin daƙiƙoƙi. Mai amfani da 389 Directory Server kuwa ya sani cewa babban mai kula a can Directory Manager ake kiransa.

Wani tarkon shi ne tsofaffin darussa. Suna cewa a gyara fayil ɗin slapd.conf, alhali sabar OpenLDAP ta zamani daga jakar slapd.d take karanta saitinta. Sai mutum ya canza kalmar sirri a inda ba a dubawa. Haka ma kalmar sirri mai alamar dala: in ka buga ta cikin layin umarni ba tare da kariya ba, wani ɓangarenta kan ɓace kafin ta isa.

Active Directory ya fi sakin baki. Bayan 49 yakan ƙara wata lamba: 52e na nufin shaida ba daidai ba, 532 kalmar sirri ta tsufa, 533 an dakatar da asusun, 775 an kulle shi.

Sai batun agogo, wanda ya fi cin mu a nan. Tsarin Kerberos, da Active Directory ke tantance mutane da shi, a saitinsa na asali ba ya yarda agogon sabar da na kwamfutar mai shiga su saɓa da fiye da minti 5. A ofishin da ake ɗauke wuta safe da yamma, ga ƙaramin batirin agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya. Kalmar sirri daidai take, amma ba shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne mafitar gaggawa. Mutum ya gaji, oga na kira, sai ya mayar da kalmar sirri 123456, ko ya kashe kariyar hanya ya bar sirrin ma'aikata na yawo a fili ta ƙofar sadarwa mai lamba 389, da niyyar zai gyara gobe. Albashin mutane da bayanan marasa lafiya ne a bayan wannan ƙofa.

Kirana ga shugabannin ma'aikatu shi ne su ba waɗannan matasa lokaci da kwamfutar gwaji, su saya musu batiri da na'urar riƙe wuta, su kuma sa a rubuta cikakken sunan babban mai kula da kalmar sirrinsa a kulle a akwatin ajiya, kada su zauna a kan mutum ɗaya. Ku kuma masu aikin, kafin ku share komai, ku karanta lambar, ku tabbatar da sunan, ku duba agogo.