Guraben karatu a makarantun kuɗi: A ƙirga yara kafin a saki kuɗi

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan makarantun da ba na gwamnati ba. Daga cikin abin da aka bayyana har da niyyar gwamnati ta riƙa biyan makarantu masu zaman kansu kuɗi idan suka ɗauki yaran da ba sa zuwa makaranta. Ma'ana, baitulmali zai sayi gurbin karatu a makarantar ɗan kasuwa, ya bai wa ɗan talaka.

Hujjar wannan tunani a fili take. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa karatu a Najeriya. Gina aji da ɗaukar malami na cin shekaru, yaro kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi kafin ya girma. A unguwannin da suka kewaye Abuja, irin su Nyanya da Gwagwa da Mararaba, sau da yawa makarantar kuɗi ce mafi kusa da ƙofar gida. Idan akwai kujera babu kowa a kanta, ga kuma yaro yana gararamba a bakin titi, haɗa su biyun ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a biya. Duk tsarin da kuɗi ke bin suna a takarda yana haifar da sunayen bogi, kuma ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin haka. A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar NSIPA, ciki har da ciyar da ɗalibai, saboda zargin almundahana. Ma'aikaci yana da fayil da asusun banki da shugaban sashe, amma duk da haka an iya ƙirƙiro na ƙarya. Ƙirƙiro ɗalibin aji ɗaya ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna fama da irin wannan tsari a faɗin ƙasa ita ce Indiya, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dokar 'yancin samun ilimi ta 2009, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2010, ta wajabta wa makarantun kuɗi su ware kashi 25 cikin ɗari na guraben ajin farko ga 'ya'yan marasa galihu. Gwamnatin jiha ce ke mayar wa makaranta kuɗin: ko dai abin da take kashewa kan ɗalibi ɗaya a makarantunta, ko kuɗin da makarantar ke karɓa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccin wannan tanadi a 2012.

Dokar ta shigar da yara masu yawa makarantun da iyayensu ba su taɓa mafarkin taka ƙofarsu ba, amma matsalolinta sun fito ta fuskoki biyu. Wasu masu hali sun riƙa gabatar da takardun shaidar talauci na jabu suna cinye guraben. Gwamnatocin jihohi kuma sun tara bashin shekaru, har makarantu suka fara ƙin ɗaukar yaran. A jihar Maharashtra, maimakon a warware bashin, sai gwamnati ta sauya ƙa'ida a farkon 2024, ta ɗauke wa duk makarantar kuɗin da ke da ta gwamnati a tazarar kilomita ɗaya nauyin ware guraben. Babbar Kotun Bombay ce ta soke wannan sauyi a watan Yulin shekarar. Darasin shi ne, sa ido ya shafi ɓangarori biyu: mai makarantar da ke karɓa, da gwamnatin da ke biya.

Saboda haka akwai sharuɗɗan da ya wajaba su shiga ƙa'idojin aiwatarwa kafin a saki ko kwabo. Na farko, kada mai makaranta ya zama shi ne mai zaɓen yaro kuma shi ne mai kawo lissafi. Ba a bai wa kura ajiyar nama. Hukuma ce za ta tantance yaron, a ɗaure gurbinsa da lambar NIN, idan masu nema sun fi guraben yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a, kamar yadda jihohin Indiya da dama suka koma yi ta intanet.

Na biyu, a biya kuɗin zango bayan an tabbatar yaron ya halarci aji, ta hanyar ziyarar ba-zata daga jami'an da ba su da hannu a sakin kuɗin. Da zarar an tabbatar kuwa, a biya cikin wa'adin da aka rubuta. Ƙaramar makarantar da ke biyan malamai daga kuɗin zango ba za ta iya bin gwamnati bashin shekara ba. Ko dai ta kori yaron, ko ta ɗora wa iyayensa.

Na uku, a fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa. Idan gwamnati ta biya kuɗin makaranta amma aka bar uba da kuɗin yunifom da littattafai da na ƙungiyar iyaye da malamai, gurbin ya zama kyautar da ba ta ɗaukuwa. Ya kamata iyaye su san ofishin da za su kai ƙara, makarantar da aka kama tana karɓar kuɗi ta bayan fage ko tana ware yaran a aji dabam kuma a cire ta daga shirin.

Na huɗu, a wallafa sunan kowace makaranta da adireshinta da yawan guraben da aka biya mata, ba tare da sunayen yaran ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta riga ta ɗora wa hukumomi nauyin bayyana yadda suke kashe kuɗin jama'a. Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya da kwamitocin ilimi na Majalisar Dokoki ta Ƙasa su sami damar duba littattafan tun zangon farko. Haka nan duk jami'i ko hadimin da ke da hannun jari a wata makarantar kuɗi ya bayyana, ya kuma janye daga zaɓen makarantun.

A ƙarshe, kada sayen gurabe ya zama hanyar zame wa alhakin da dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa gwamnati na samar da ilimin matakin farko kyauta kuma dole. Kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da dokar ta ware an tanade shi ne domin wannan aiki, kuma mafi yawan 'ya'yan talakawa a makarantun gwamnati za su ci gaba da zama, musamman a karkara inda ɗan kasuwa ba ya kafa makaranta.

Manyan sakatarori da daraktoci da hadiman da ke rubuta ƙa'idojin wannan shiri su ne za su yanke makomarsa, domin tun ran gini tun ran zane. Idan suka bar ƙofa a buɗe, za a wayi gari rahoto na cewa an mayar da dubban yara aji, alhali yaran na nan a tashar mota inda aka same su.