Farar Riga, Baƙar Fuska

 

Abin da ya jawo maganar wannan wata shi ne wani hoto da muka ɗauka bara, ranar raba kyaututtuka a makarantarmu. Mun gayyato wani dattijon zangonmu, wanda a hannunsa da yawanmu muka yi babbaƙu da farfaru. Ya zo sanye da farar babbar riga da farin rawani, muka tsayar da shi gaban farin bangon aji da tsakar rana, muka danna kyamara. Da aka wanke hoton, riga ta fito har zaren aikin wuyanta ana gani, amma fuskar Malam sai ka ce an shafa mata gawayi. Bayan wata huɗu Allah ya yi masa rasuwa. Iyalinsa suka aiko neman hoto don ba su da na kwanan nan, mu kuwa abin da ke hannunmu riga ce da rawani. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Da farko kyamarar muka zarga. Wani abokin aikinmu ma ya ce da mun sayi mai megafiksel da yawa da hakan bai faru ba. To, ba nan gizo ke saƙa ba. Megafiksel yawan ɗigon da ke cikin hoto ne kawai, kuma 12 sun ishi wanda zai wanke hoto mai faɗin shafin littafin rubutu.

Ga yadda abin yake. Kowace kyamara ta dijital tana da ma'aunin haske a cikinta. Kafin ta ɗauka sai ta dubi duk abin da ke gabanta, ta haɗa farinsa da baƙinsa, ta nemi ta mai da jimlar tsaka-tsaki, wato toka-toka. Idan ta ga farin bango da farar riga da farin rawani, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage wanda zai shiga. Fari ya koma ruwan toka, fuskar da dama baƙa ce kuwa ta nutse gaba ɗaya. Mu da tufafin idinmu da na aurenmu da na sunanmu galibi farare ne, ga rana mai ƙarfi, ai dole wannan matsala ta fi addabar mu.

Kuma abin yana da tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya fara raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launin inji. Sai cikin shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa da baƙar mace. A yau masu ƙera waya irin su Tecno da Google suna ta tallar cewa kyamararsu ta san baƙar fata. An samu ci gaba, amma kada mu saki jiki.

To, mene ne magani? Ku duba jikin kyamararku, za ku ga wani maɓalli mai alamar ƙari da ragi, ko ku same shi a jerin saituna da haruffan EV. Ku kai shi +1. Ma'anarsa kun umurci kyamara ta ninka hasken da ta yi niyyar ɗauka. Rigar na iya yin fari fat har aikinta ya ɓace, amma wa ke ajiye hoto don riga? Idan an gama a mai da shi sifili, in ba haka ba hotunan gobe duk su ƙone. Mai ɗauka da waya kuwa ya taɓa fuskar mutum a allo, wayar za ta auna haske daga nan.

Wanda ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne sauya wuri. A janye mutum daga tsakar rana a kai shi inuwar bishiya ko bakin zaure, fuskarsa na kallon waje inda haske yake. Kada rana ko taga su kasance a bayansa. Hoton hantsi ko na bayan la'asar ya fi na azahar kyau nesa ba kusa ba, don rana in tana tsakiyar ka, rawani da hula da ɗankwali duk inuwa suke jefa wa idanu. In wuri ya ƙi sauyuwa, a kunna filasha ko da rana ce tsaka. Mutane kan yi dariya in sun ga haka, amma ita ke cike inuwar fuska. Sai dai ƙaramar filashar jikin kyamara ba ta wuce kamar mita 3, saboda haka a matso.

Akwai masu kukan hoton dare yana fita dishi-dishi. Wannan yawanci rawar hannu ce, don a duhu kyamara takan daɗe ido buɗe. A manne gwiwar hannu da ƙirji, ko a ɗora kyamarar kan tebur. Ƙara lambar ISO na taimakawa, amma in ta yi yawa hoto sai ya yi kamar an watsa masa tsaki. Lokacin hunturu kuma kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar tana karce shi. A fara hure ta, sannan a sa ƙyalle mai laushi.

Kuskurenmu babba a ranar nan shi ne ba mu duba ba. Mun ga surar mutum a ƙaramin allo cikin hasken rana, muka ɗauka shi ke nan. Da mun shiga inuwa mun faɗaɗa hoton kan fuska, da mun gani tun Malam bai tashi daga kujera ba.

Mai tambaya ya aiko ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu yi magana kan ajiyar hotuna da ɓatan memori.