Kuɗin mai saniya daban, la'adar dillali daban

A kowace kasuwar dabbobi an san cewa idan dillali ya saida saniya, kuɗin da aka ƙirga masa a tafin hannu ba nashi ba ne. Nashi la'ada ce, saura kuwa ajiya ce har mai saniya ya zo ya amsa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ita ce ginshiƙin wata sabuwar sana'a da intanet ta haifar, wato rubuta sunayen jama'a da amsar kuɗinsu domin shiga wani sha'ani, kamar tseren gudu, ko horon sana'a, ko babban taro, ko wasan kwaikwayo. Mai shirya sha'anin ya sa sanarwa bisa shafin kampanin rajista, mai sha'awa ya cika sunansa ya biya da katin banki ko da salula, kampanin ya cire la'adarsa ya tura saura ga mai shi. A ido abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin lissafi, kuma a can ne ake rarrabe wanda zai daɗe cikin sana'ar da wanda zai ƙare gaban alƙali.

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Amurka. Kampanin ACTIVE Network ya soma a 1999 da rajistar masu tseren gudu, kuma a 2017 kampanin Global Payments, wanda aikinsa shi ne sarrafa biyan kuɗi, ya sayi manyan sassansa kan dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 200. Kampanin Eventbrite kuwa, wanda Kevin Hartz da Julia Hartz da Bafaranshe Renaud Visage suka kafa a San Faransisko a 2006, ya bayyana kuɗin shiga na dalar Amurka kusan miliyan 327 a shekarar 2019, alhali kuɗin tikitin da suka ratsa ta hannunsa a wannan shekara sun fi ninki 10 na wannan adadi. Duk abin da ya yi sama da la'adar na masu shirya taro ne, kuma cikin rahotannin kampanin an ware masa layinsa daban, a sahun bashin da ake bin sa.

Ƙaramin misali ya isa ya bayyana maganar. A ɗauka wata ƙungiya ta shirya horo na kwana uku, kuɗin shiga jika 5, mutum 200 suka yi rajista. Abin da ya shiga asusun kampanin rajista miliyan 1 ne na sefa. Idan yarjejeniya ta ba shi kashi 6 bisa 100, la'adarsa jika 60 ce, jika 940 na ƙungiyar ne. Daga cikin jika 60 ɗin, idan kampanin salula ko banki ya cire kashi 2 bisa 100 na dukan cinikin a matsayin ladan tura kuɗi, jika 20 sun tafi, saura jika 40, kuma daga nan ne za a biya albashi da haya da wuta. Harajin TVA, idan an amshe shi, shi ma ajiya ne, na baitulmali. Wanda ya leƙa asusu ya ga miliyan, ya tashi ya yi alkawari daidai da miliyan, ya riga ya ci amana tun bai yi niyya ba.

Bayan tambayar ko kuɗin na wane ne, akwai ta biyu, wato yaushe suke zama nashi. Masu iya magana na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A wannan sana'a ana amsar lada makonni ko watanni kafin ranar askin. Ga mai shirya taro, kuɗin da aka biya a Janairu domin taron watan Mayu ba ciniki ba ne tukuna, bashin aiki ne da ke wuyansa. Ga kampanin rajista kuma, duk abin da ke hannunsa kafin ranar yana iya komawa inda ya fito idan taron ya rushe.

Shekarar 2020 ta gwada wannan a fili. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, tarurruka suka shiga rushewa dubu-dubu, masu tikiti suka taso neman kuɗinsu lokaci guda. Eventbrite yana da al'adar ba wasu masu shirya taro kuɗinsu tun kafin ranar taron. Lokacin da ya dakatar da wannan al'ada cikin watan Maris, abin da ya riga ya fitar ta wannan hanya ya haura dalar Amurka miliyan 300. Idan mai taro ya kashe kuɗin ya kasa mayarwa, bankunan masu katin biya kan kampanin suke komawa. A watan Afrilu ya sallami kashi 45 bisa 100 na ma'aikatansa, a watan Mayu ya samu rancen da zai iya kai miliyan 225 daga kampanin Francisco Partners, kuɗin shigarsa na shekarar kuma suka faɗo zuwa miliyan 106. Ya sha wuya, amma ya tsallake, kuma adadin abin da ke kansa a rubuce yake, kowane mai ba da rance yana iya dubawa.

Labarin Brown Paper Tickets na birnin Siyatil ya fi muni. Ƙananan makarantu da ƙungiyoyin taimako da gidajen wasan kwaikwayo na unguwa suna cikin masu hulɗa da shi. Da annobar ta zo, masu tikitin tarurrukan da aka soke ba su ga kuɗinsu ba, kuma har waɗanda suka riga suka yi taronsu suka gama lafiya sun zauna jiran haƙƙinsu wata da watanni. A watan Satumba na 2020 babban lauyan gwamnatin jahar Washinton, Bob Ferguson, ya kai kampanin kotu. A watan Maris na 2021 kampanin ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 9 ga masu shirya taro da masu tikiti kimanin 45,000. Abin lura shi ne kuɗin taron da aka riga aka yi bai kamata annoba ta shafe su ba, tun da aikin ya ƙare, ajiyar ce kawai ta rage a miƙa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Maganin wannan yana farawa daga yadda ake rubuta ciniki guda. Kowace rajista tana buƙatar lambarta ta kanta wadda ba a maimaitawa, da rana da sa'a, da sunan sha'anin, da abin da aka biya, da rangwamen da aka yi idan akwai, da hanyar biya, da la'ada, da ladan mai tura kuɗi. Tana buƙatar kuma a san halin da take ciki, ko ana jiran kuɗi, ko sun shigo, ko an mayar da su, ko kuwa mai kati ya yi gardama a bankinsa, abin da kan faru watanni bayan cinikin. Layin da aka rubuta ba a goge shi. Idan an mayar ma mutum kuɗinsa, sabon layi ake buɗewa mai warware na farko, domin wanda ya zo bincike ya ga shiga ya ga fita. Kwamfutar da ke bari ma'aikaci ya share ciniki ba tare da sawu ba, ƙofa ce a buɗe ga ɓarawon gida.

Sai kuma gwada littattafai uku da juna: na shafin rajista, da takardar lissafin mai tura kuɗi, da ta banki. Ba safai suke yin daidai da kansu ba. Mai tura kuɗi yakan tara cinikin yini ya zuba shi dunƙule guda bayan kwana ɗaya ko fiye, ya riga ya cire ladansa. Layin sadarwa yakan tsinke tsakiyar biya, kuɗi su fita daga salular mutum amma sunansa bai hau ba, ko ya sake latsawa ya biya sau biyu. Wanda ke gwada littattafan kowace safiya zai kama waɗannan tun suna biyar ko shida. Wanda ya bari sai ƙarshen wata zai tarar da tulin da ba shi da kai ba shi da gindi, ga masu ƙorafi a bakin ƙofa. Abin da ya fi duka kuwa shi ne asusu biyu a banki, ɗaya na ajiyar mutane, ɗaya na la'ada, kada a taɓa na farko domin biyan albashi ko da na yini guda ne.

A nan Nijar, inda biya ta Airtel Money da Moov Money ya shiga hannun jama'a, matashin da ke tunanin buɗe irin wannan shafi ba ya buƙatar ƙago tsarin lissafi. Tsarin SYSCOHADA da aka yi ma gyara, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ya tanadi asusu mai lamba 419 domin kuɗin da abokin ciniki ya ba da kafin aiki, da mai lamba 477 domin cinikin da aka rubuta amma lokacinsa bai zo ba, kuma dokar ta wajabta ajiye littattafai da takardun shaida har shekara 10. Mai shirya taro shi ma yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya sa hannu: a wane asusu ake ajiye kuɗinsa, kwana nawa bayan taro za a biya shi, wa ke mayar da kuɗi idan an soke, kuma ko zai iya ganin jerin cinikinsa layi-layi duk lokacin da ya so. Kampanin da ya amsa waɗannan huɗu a rubuce ya cancanci a ba shi ajiya. Wanda ya shiga kame-kame kuwa, gara mai saniya ya ja abarsa ya nemi wani dillali.