Ranar Gasar Waƙa, A Bar Kowa Da Muryarsa



Tun da aka sanar da gasar waƙa ta ranar ba da kyaututtuka, wasu daga cikinmu sun maƙale wa wayoyin yayyensu. Su shige ɗaki, su rera waƙa a BandLab, su danna wurin gyaran murya, su ƙara amsa-kuwwa, sai ka rantse a babban situdiyon Kano aka ɗauke ta. Yanzu kuma suna roƙon a bar su su kunna ta a lasifika ranar gasar, su dinga motsa baki kawai. Mu dai ba mu yarda ba.

Ba ƙin na'urar muke yi ba. Wani injiniya ɗan Amurka, Andy Hildebrand, shi ya ƙirƙiro Auto-Tune, aka fitar da ita a 1997. Abin mamaki, da can aikinsa neman man fetur ne a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar sauti! Ita manhajar, sauraron muryarka take yi, in ka yi sama ko ƙasa da inda ya kamata, sai ta jawo ka zuwa sautin da ya fi kusa. In an sa ta kaɗan, ba ma za ka gane ba. In aka murɗa ta har ƙarshe, sai muryar ta dinga tsalle kamar ta mutum-mutumi, irin wadda muke ji a waƙoƙin finafinan Hausa da yawa. Mu ma muna son waƙoƙin nan, har a hanyar makaranta muna rerawa.

Amma gasa daban take. A ajinmu akwai yarinyar da ko waya babu a hannunta, wuta ma a unguwarsu sai an yi sa'a, ga ta da murya mai daɗin gaske. Kullum bayan an tashi tana gwaji a ƙarƙashin darbejiya. Yaya za ta kara da wanda manhaja ta share masa duk kurakuransa? Kuma wa alƙalai za su ba maki, yaron ko wayar? Marigayi Ɗan Maraya Jos ai da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a faɗin Najeriya.

Roƙonmu ga malaman da ke shirya gasar shi ne kowa ya hau dandamali ya rera da bakinsa. Masu gwanintar haɗa sauti kuwa a ware musu nasu rukunin, su kunna mana muryar kafin gyara da bayan gyara, su nuna mana abin da suka danna. Wannan mu ma za mu so mu koya.