Kafin A Rushe Masauki, A Rubuta Tarihinsa

A watan Janairun 2020 motocin rusau suka baje otal ɗin Durbar da ke Kaduna. An gina shi ne domin saukar baƙin bikin FESTAC na 1977, lokacin da mahaya daga masarautun Arewa suka hallara don hawan daba. Gwamnatin jihar ta ce ginin ya daɗe da zama kango, iyalan Abacha da ke da'awar mallakarsa kuma suka ce maganar tana gaban kotu. Muhawara ta tsaya a kan fili. Tambayoyin da suka shafi tarihi ba su samu shiga ba: ina littattafan rajistar baƙi, ina hotunan ɗakin cin abinci, wa ya zauna da tsofaffin kuku da masu hidima ya ɗauki labarinsu?

Wani ɗakin cin abinci a Landan ya nuna yadda wasu al'ummu ke ɗaukar irin wannan rashi. A 1963 aka buɗe Trader Vic's a otal ɗin Hilton na Park Lane, reshen wani kamfanin Amurka da Victor Bergeron ya kafa a Oakland a 1934. An ƙawata shi da gora da kwale-kwale da sassaƙaƙƙun gumaka don ya yi kama da tsibiran Folinishiya na tekun Fasifik. Kwaikwayo ne tsantsa, domin yawancin abincin ma girkin Sin ne aka yi wa kwaskwarima. Duk da haka, da aka sanar za a rufe shi a ƙarshen 2022, masoyansa sun tattara sa hannu suna roƙon a bar shi, kuma har yau ana adana kofunansa da takardun jerin abincinsa. Babban ɗakin karatu na birnin New York kansa yana riƙe da dubban irin waɗannan takardu, masana na duba su don gane abin da mutane suka ci da nawa suka biya.

Idan adon aro ya samu wannan gata, otal ɗin da aka gina don nuna al'adar gida ya fi cancantarsa.

Akwai masu cewa otal ba wurin da za a yi wa kuka ba ne. A kunnen Bahaushe kalmar tana tafe da zargin giya da masha'a, kuma talaka bai taɓa kwana a Durbar ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai adana labari bai zama yabon abin da aka aikata ba, kuma ciyar da baƙo sana'a ce da ta girmi otal a ƙasar Hausa: akwai zango, akwai gidan fatoma, inda falke ke sauka a ba shi tuwo, a tsare masa kaya, a nemo masa mai saye.

Illela, garin kan iyaka da ke arewa da Sakkwato daura da Birnin Ƙwanni, yana cikin wuraren da wannan tsari bai gushe ba. Kasuwarsa ta ranar Lahadi tana tara fataken dabbobi daga Nijar da masu saye daga kudancin Nijeriya, kuma kowannensu sai ya ci, sai ya kwana. A teburin mai shayi ake jin farashin rago, a nan ake sanin yadda naira ta kwana da sefa. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, mai tuwo da mai masauki ne farkon shiga uku. Wanda ya rufe ƙofarsa a irin wannan gari, ba motar rusau, ba labari a jarida. Bayan shekara goma sai a nemi mai tuna sunansa a rasa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Hukumomin tsara birane za su iya sharɗanta cewa duk tsohon ginin jama'a da za a rushe, sai an miƙa hotunansa da taswirarsa da takardunsa ga ma'ajiyar tarihi, kamar Arewa House a Kaduna ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai iya tura ɗaliban shekarar ƙarshe Illela su naɗi muryoyin tsofaffin fatomomi da masu abincin tasha, kowane ɗalibi da gida guda. Wayar hannu ta isa wannan aiki.

Abin da ke ƙarewa shi ne lokaci. Matashin da ya kai wa baƙin FESTAC abinci yana ɗan shekara ashirin, yau ya doshi saba'in. A same shi tun yana iya faɗin wanda ya zauna a wane tebur.