Wa Zai Ji Ta Bakin Gimbanawa?

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin jihadi ya san Degel da Gudu da Tabkin Kwatto. Kaɗan ne ke tuna cewa wutar ta fara kamawa ne a Gimbana, ƙaramin gari a ƙasar Kabi inda Malam Abdussalami, Ba'are almajirin Shehu Usmanu, ya zauna da jama'arsa. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa garin, ta ɗaure mutanensa, ta biyo da su ta kusa da Degel. Jama'ar Shehu suka kwance su, ba a jima ba aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804.

Sauran labarin ba shi da daɗin ji. Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello, aka ci Kware da yaƙi, ya rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega, kuma har yau sarautarta tana hannun Gimbanawa. Sai dai kusan duk abin da muke koyarwa game da wannan saɓani daga Sard al-Kalam na Bello ya fito. Bello ya yi adalcin kawo wasiƙun abokin jayayyarsa, amma shi ya zaɓo su, shi kuma ya yi musu sharhi.

Ɗaya ɓangaren, in ya saura, yana bakin tsofaffi a Jega da Gindi da Mungadi da Karaye: jerin sunayen limamai, kirarin gidaje, takardun ajami cikin gafaka da gara ke ci. Ƙauye irin Karaye ba ya cikin littattafan makaranta, alhali kowane masallacinsa akwai wanda ya aza harsashinsa, kowace makarantar allo kuma da salsalar malamanta. Ana rushe masallacin ƙasa a gina na siminti, wanda alheri ne, amma da wuya a sami mai ɗaukar hoton tsohon kafin a sa masa diga.

Laifin namu ne, mu malaman Hausa. Shekara da shekaru muna amincewa da kundayen jigo da salon mawaƙan da aka riga aka gaji da nazarinsu. Ga jami'a a Aliero, ga wata a Birnin Kebbi, ga ta Sakkwato. Me zai hana a tura ɗalibin da ya fito daga Maiyama ya zauna gaban limamin garinsu da na'urar ɗaukar magana? In ya dawo kuma, a bar zancen cikin Hausar yamma yadda aka faɗe shi, kada mai dubawa ya mayar da shi Kananci da jan biro.